Ƙarshen da Kika Ba Mai Wanki

Zuwa ga Mama Ladi,

Gaisuwa ta 'ya ga uwa, da durƙusawa har ƙasa. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarki Rahila da jikoki da duk mutanen gida. Yaya sanyin Filato? Yaya ƙafar, yaya idon? Mu nan Kabo lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta yi albarka, har an fara yankan gero. Maigidana yana gaishe ki, 'yata Ummi ma ta ce in miƙa tata gaisuwar da kyau.

Ni ce Sa'adatu, 'yar Yaya Abu ta Gwarzo, wadda kika yi wa bulala uku a aji huɗu saboda na ce akuya ce ta cinye littafina. An ce mini idonki ya daina karatu, Rahila ce za ta karanta miki. Rahila, don girman Allah ki bi a hankali, kada ki tsallake ko layi ɗaya, na san halinki da gaggawa. Na kuma sa wasiƙar a shafina na intanet da gangan, don 'yan Gwarzo da kika koyar su san wani abu da kika yi wanda ba a aji aka yi shi ba.

Maganar fim ɗin mai wanki ce ta kawo ni, Mama.

Kin tuna gidanku na haya da namu katanga ɗaya ce ta raba su, kuma damina ta taɓa cin wani gefe nata har mutum yana iya ratsawa. Inna tana cikin kulle, ba ta fita sai da dalili mai ƙarfi, amma Baba ya duba ya yanke hukunci cewa ratsa katanga ba fita ba ce. Ta nan gishiri yake wucewa, ta nan garwashi yake wucewa, ta nan ke da Inna kuka zama abin da kuka zama. Ke kina ce mata Yaya Abu, ita tana ce miki Ladi gatsal, ba Malama ba komai.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne. Sabulu da zare ake yanka shi gida huɗu, shayi ya manta da madara, kananzir kuwa sai an yi layi an dawo da rabin kwalba. Amma mijinki, Malam Bitrus, ya riga ya sayi talabijin da bidiyo tun kafin abubuwa su ƙuntata, kuma kaset uku kacal kuka mallaka. Ɗaya na waƙoƙin coci, ɗaya na wasan ƙwallo da kowa ya haddace cin da aka yi, na ukun kuma wani tsohon fim na Turawa, baƙi da fari, wanda ya girmi kowa a ɗakin. Ranar Asabar bayan azahar, in an yi sa'a an kawo wuta, sai ki leƙo ta katanga ki ce, "Yaya Abu, an kawo, a zo a ga mutuminku." Matan gidanmu da na maƙwabta su cika tabarma, mu yara mu cushe a gaba.

Har gobe ina yaba wa waɗanda suka shirya fim ɗin nan. Wani siririn mutum ne mai manyan kunnuwa, sana'arsa wanki da guga, yana wanke fararen rigunan masana a wani gidan bincike. Wata rana ya zame ya faɗa cikin wani kududdufi da aka hana kowa kusanta, ya kurɓi ruwan ya fito yana atishawa. Daga ranar jikinsa ya ɗauki abin da Turawa suke da dogon suna a kansa, ke kuma kika raɗa masa "wutar da ba a gani". In ya riƙe ƙwan fitila sai ya kama. In ya wuce kusa da rediyo sai ta fara magana ba batir. Dutsen guga kuwa da ya ɗora hannu sai ya yi zafi ba gawayi. Ga wani ɗan akwati da masanan suke binsa da shi, da an matso kusa da shi sai ya hau ƙas-ƙas-ƙas, su kuma su watse da gudu suna karo da juna. Mutumin nan bai taɓa yin dariya ba a duk fim ɗin, fuskarsa kullum kamar wanda aka tasa daga barci, kuma wannan ne yake kashe mu.

Amma gaskiya, Mama, rabin daɗin daga bakinki yake fitowa. Ba wadda take jin Turanci a cikin matan, ke ce mai fassara. Kina tsaye gefen talabijin da tsintsiya a hannu kina nuni, kin mayar da Turawan nan 'yan Gwarzo tas. Shugaban masanan ya koma magana irin ta mai unguwa in an kai masa ƙarar awaki. Matar mai wanki ta zama irin matan Getso masu kawo wake, ba a gama ciniki da su sai an yi gumi. Ranar da kika sa ta ce wa mijin, "Malam, matso kusa da tukunyar nan, itace ya ƙare," sai da Inna ta faɗi a kan tabarma. Da ta tashi tana share hawaye ta ce, "Wallahi wannan shi ne mijin aure a wannan zamani, ba kananzir ba gawayi."

Akwai kuma wata ɗabi'a taki da kowa ya gane. In Turawan suka yi sauri maganar ta kuɓuce miki, ba kya tsayawa, sai ki cike da naki. Amma duk lokacin da kike cikewa, hannunki sai ya tafi kan ɗan kunnenki na hagu kina murza shi. Inna ce ta fara lura. Sai ta ce, "Ladi, saki kunnen nan, mun gano ki." Ke kuma ki fashe da dariya ki ce, "To, na ƙara gishiri kaɗan." Ba ki taɓa musu ba. Ke da kike dukanmu a kan ƙaryar akuya, ko a wasa ba kya barin ƙarya ta kwana a bakinki.

Matsalar kaset ɗin ɗaya ce, ba shi da ƙarshe. Ana cikin dariya sai fim ɗin ya sauya. Hukuma ta kama mai wanki ta rufe shi a wani ɗaki na gilashi, ana miƙa masa abinci da doguwar sanda. Matarsa ta zo da jaririnsu ta ɗaga shi daga waje, shi kuma ya ɗora tafinsa a jikin gilashin. Daidai nan hoton yake rikiɗa ya koma yayyafi, sai shuuu. Kullum sai ki kashe ki ce, "Ƙarshen sai wata rana." Mu duka mun ɗauka kin taɓa ganinsa a silima a Jos kina budurwa, rowa kawai kike mana. Inna kuwa in an zo wurin gilashin nan ba ta iya zama. Sai ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta, ko da ba ta ɗora komai ba.

Shekaru suka tafi. Na gama makaranta, aka kawo ni Kabo. Aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, gidajen kallo suka rufe, masu bidiyo suka tura nasu ƙarƙashin gado. Labarin rikicin Kaduna ya iso da zafinsa. A unguwarmu ba wanda ya ɗaga muku yatsa, na sani kin sani, amma 'yan uwan Malam Bitrus suka dame shi da aike, shi ma barci ya ƙaurace masa. Ranar da motar kaya ta zo kwashe ku zuwa Filato, Inna ta ƙi fitowa ku yi sallama. Ta aiko miki da ƙullin daddawa da kuka ta hannuna, don na zo ganin gida, ta ce in gaya miki ita ba ta sallama da wanda zai dawo. Da motar ta tashi, ta ɗauko tsohon zana ta toshe wurin katangar da kanta.

Ba a fi shekara biyu ba ciwo ya bayyana a jikin Inna. Ƙullutu ne a nono, ta ɓoye shi har sai da ɓoyon ya gagara. Aka yi mata aiki a Kano, likita ya ce ciwon daji ne, kuma aikin kaɗai bai isa ba. Dole a kai ta babban asibiti a Zariya a yi mata abin da suke kira gashi, wato a riƙa haska wurin da wata na'ura don a ƙone ragowar ciwon. Ya ce in aka yi jinkiri zai dawo, kuma in ya dawo ba lallai a iya masa ba.

Lokacin ina gida wankan jego. Ummi tana da wata biyu, ita ce ta farko da ta zo mini da rai bayan shekara shida ina jira, kuma sunan Inna aka sa mata. Da ɗinkin da komai, Inna ba ta yarda wani ya yi wa jaririyar wanka ba. A cinyarta take wuni.

To a nan ne na yi ɓarnar, Mama, da bakina. Inna ta ji kalmar gashi ta tsorata, ta ɗauka da garwashi za a yi. Ni kuma sarkin iyawa, wai zan kwantar mata da hankali, sai na ce, "Haba Inna, ba wutar gaske ba ce fa. Irin wutar nan ce da ba a gani, ta fim ɗin Mama Ladi." Wayyo ni. Ina rufe baki na ga fuskarta ta sauya. Ta dubi Ummi, ta dube ni, ta ce, "Ta mai wanki?" Daga nan ta ce ba inda za ta.

Ba wanda bai yi magana ba. Baba ya lallasa, ya yi faɗa, ya koma lallashi. Maigidana ya zo daga Kabo da bayanin da ya tambayo a wurin ma'aikatan asibiti. Limamin unguwa ya aiko matarsa ta gaya mata neman magani ba ya karo da tawakkali. Ni na rantse mata cewa fim wasa ne, shirya shi ake yi don dariya. Amsarta ɗaya ce: "Da idona na gani, kuma Ladi ce ta fassara. Ladi ba ta ƙarya." Wata safiya da na matsa mata, ta ce mini, "Sa'a, ba mutuwa nake gudu ba. Gara in mutu da jikata a cinya da in rayu ina kallonta ta gilashi. In kuma na dawo da wutar nan a jikina na ƙona muku yarinya, da wane ido zan dube ki?" Na shiga ɗaki na yi kuka kamar raina zai fita, ina jin haushinta, ina jin haushin kaina, har ke da mai wankin sai da na haɗa.

Sati uku aka yi ana wannan ja-in-ja, ranar da aka ba mu a Zariya tana matsowa. Sai na rubuta miki takarda na ba wani direba da yake kawo dankali daga wajenku. Ban ce ki zo ba, Allah ne shaidata. Cewa na yi ki rubuto wa Inna layi biyu ki ce mata fim ɗin ƙarya ne.

Kwana takwas sai ga ki a zaure. Kin lulluɓa da wani ƙaton mayafi na aro da yake ta zame miki, ƙafafunki sun kumbura da zaman mota, a kanki kwano cike da dankali. Daga baya Rahila ta gaya mini ba wanda ya goyi bayan tafiyar nan a gidanku, har fasto sai da aka kira ya ba ki baki, kika ce masa in ya gama zai iya raka ki tasha. Da kika sauke kwanon kika kwashe dankalin, sai ga bidiyon a ƙasa naɗe cikin zani, da kaset ɗin.

Inna ta dube ki ta ce, "Kin yi baƙi." Kika ce, "Ke kuma kin rame, kin ƙara taurin kai." Iyakar gaisuwarku ke nan, sai kuka riƙe hannun juna kuka ƙi saki.

Saura Baba. Fim ɗin Turawa a gidansa, a irin wannan lokaci da kowa yake sa wa kowa ido, abin ya yi masa nauyi. Kika durƙusa daga nesa kika gaishe shi yadda kika saba, kika ce, "Malam, magani na kawo wa Yaya Abu, amma sai da talabijin ake shan sa." Ya daɗe yana jan carbi. Can ya tashi ya ɗauki kekensa. Da hantsi sai ga shi ya ɗauro talabijin ɗin ƙaninsa a baya an rufe da buhu, wani kuma yana biye da ƙaramin janareto. Da aka tayar da shi ƙarar ta cika unguwa, sai Baba ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna. Duk wanda ya tsaya tambaya sai ya ce masa, "Magani ake yi."

Ni na ɗauka za ki tsayar da fim ɗin ne ki nuna mata zaren da ake jan kaya da shi, ki ce duba, duk dabara ce. Ba haka kika yi ba. Kika nemi tsintsiya, kika tsaya gefen talabijin, kika fassara shi daga farko kamar jiya aka rabu. Mai unguwa ya dawo, matar Getso ta dawo. Inna tana dafe da wurin ɗinki tana cewa, "Ladi, za ki farke mini aiki," tana dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ku tashi.

Aka zo wurin gilashi. Ya ɗora tafinsa, hoton ya koma yayyafi. Inna ta yunƙura za ta tashi, kika ce, "Zauna, Yaya Abu. Yau ce wata ranar."

Kika kashe talabijin, kika gyara ɗaurin zani, kika yi mana ƙarshen da jikinki. Wata tsohuwar likita ce ta zo, in ji ki, mai tafiya da sanda, ta kori masanan nan ta ce duk ba su san aikinsu ba. Ta ce abin da ya sa wutar ta zauna a jikin mai wanki shi ne ya sha ruwan ne, ya shiga cikinsa. Ta kwantar da shi a ƙarƙashin wata fitila ta asibiti, kullum kaɗan, kullum kaɗan, aune kamar awon magani, har fitilar ta cinye mugun abin da yake jikinsa. Aka kawo akwatin ƙas-ƙas aka zagaya shi da shi, shiru. Aka buɗe gilashi, matar ta miƙa masa jariri, jaririn ya tsula masa fitsari a riga. Kika kwaikwayi fuskarsa, kika kwaikwayi matar tana mita wai yanzu sai ta koma sayen gawayi. Ni ina gefe ina ba Ummi nono, dariya ta hana ni ganin komai sosai.

Sai kika zauna kusa da Inna, kika sauke murya. Kika ce, "Yaya Abu, irin fitilar nan ce a Zariya. Ba sha za ki yi ba, haska ki za a yi. Na je asibitin mishan na tambayi likita kafin in taso. Ke da kike shanya barkono a rana wuni guda, kin taɓa shigo da shi ɗaki ya haska miki ɗaki? Rana tana yin aikinta ta tsaya a waje. Wannan ma a ɗakinsu take tsayawa, ba ta biyo ki gida."

Inna ta daɗe tana kallonki. Sai ta ce, "Ladi, tsakaninki da Allah, kin ga ƙarshen nan da idonki?" Kika ce, "Na gani." Can Inna ta juyo ta ce, "Sa'a, ina kika jefa jakata ta tafiya?"

Kin bi mu Zariya, kika yi sati uku kina kwana a tabarma a gidan 'yar uwar Baba. Ranar gashin farko ba zan manta ba. Inna ta fito daga ɗakin tana ɗaga hannuwa sama, tana cewa kowa ya matsa. Kika fizge Ummi daga bayana kika dangwara mata a ƙirji kafin ta ankara, dole ta rungume ta. Sannan kika kara kunnenki a kafaɗarta kika yi kasaƙe, kika ce, "Ni dai ban ji ƙas-ƙas ba." Har ma'aikaciyar da ta rako ta sai da ta yi dariya ba ta san dalili ba. A kwano ɗaya kuka ci tuwo ranar.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Fatar wurin ta yi baƙi ta saɓule, gajiya ta riƙa kayar da ita, akwai ranakun da ko ruwa ba ta so. Amma ta gama. Allah ya ƙara mata shekara bakwai, Mama. Ita ta yaye Ummi, ita ta yi mata kitson shiga aji ɗaya, ta ga ƙannenta biyu. Da lokacinta ya yi, a ɗakinta ta cika, jikoki suna hawa suna sauka a gadon.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Watan jiya Ummi ta zo hutu, kin san yanzu ta zama cikakkiyar mace har tana koyarwa. Ta gaji da jin labarin mai wanki a bakina, ta yi ta bincike a wayarta har ta tono fim ɗin, cikakke. Muka zauna da la'asar muka kalla. Ya tsufa ƙwarai, ana ganin zaren da ake jan kwanuka da shi, amma wallahi har yanzu yana da daɗi, mutumin nan gwani ne. Aka zo wurin gilashi, hoton bai yanke ba.

Mama, babu tsohuwar likita. Babu fitila, babu fitsarin jariri. Mai wanki bai warke ba sam. Hukuma ce ta ga asara ne a bar shi a zaune, ta ɗora shi a kan wata doguwar hasumiya a bakin teku yana haska wa jiragen ruwa hanya, matarsa tana zuwa a kwalekwale tana ɗaga masa hannu daga nesa. Su a wurinsu abin dariya ne, har da kiɗa. Na yi dariyar, sannan na tuna da a ce wannan Inna ta gani, sai jikina ya yi sanyi.

Na kira Rahila. Ta ce ai kaset ɗin a yanke Malam Bitrus ya sayo shi a kasuwa a Kano, ba ki taɓa ganin ƙarshen ba, a cikin motar zuwa Gwarzo kika shirya naki. Sai kuma ta gaya mini abin da ya hana ni sukuni. Ta ce har yau kina tayar da maganar. Wai kin rantse da Allah a kan ƙarya ga mara lafiya, wai Yaya Abu ta tafi tana ganinki mai gaskiya alhali kin yaudare ta, wai kin so ki faɗa mata kika yi ta jinkiri har aka aiko miki da rasuwa. Ta ce wani lokaci kina cikin addu'a sai ta ji kin ambaci sunan Inna kina kuka.

To ki saurara, Mama. Akwai amanar da Inna ta ba ni ta ce kada in gaya miki, yau zan karya ta, Allah ya yafe mini.

A shekararta ta ƙarshe, wata safiya muna tsince wake, sai ta ce mini, "Kin san Ladi ba ta ga ƙarshen fim ɗin nan ba?" Na ce haba Inna, ta fa rantse. Ta ce, "Ke kina can kina ba da nono. Tun daga shigowar tsohuwar likita har fitsarin jariri, hannunta yana kan ɗan kunne. Da na rantsar da ita kuwa, kaɗan ya rage ta cire shi." Na ce to me ya sa kika yarda kika tafi? Ta ce, "Da ta zo maganar barkono, hannuwanta biyu suna kan gwiwata. Nan na san wannan gaskiya ce. Rantsuwar kuwa don in ga iyakarta na sa ta. Matar da ba ta ƙarya ko a wasa, ta taso tun daga Filato a wannan marra, ta ɗauki abin da ta fi tsoro ta ɗora wa kanta don in rayu, ni ce zan kasa shiga ɗaki in kwanta?" Ta watsa tsakuwar da ta tsince, ta ce, "Kada ki gaya mata, kunya za ta ji."

A lokacin na ɗauka zolaya ce irin ta Inna, don ni na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Sai da na ga hasumiyar nan na gane ni kaɗai aka yi wa wayo a ɗakin.

Ni ba malama ba ce, hukuncin rantsuwa yana tsakaninki da Ubangiji, kuma shi mai rahama ne. Amma wadda kike kuka kin yaudara ba ta yaudaru ba ko na minti ɗaya. Ta gan ki sarai, ta bi ki da idonta a buɗe, kuma ta ƙara son ki a kan abin har ta koma ga Allah. Ki sauke wannan kaya haka nan, Mama, kin ɗauke shi ya isa. Ina ƙaunarki, kuma ban taɓa gode miki yadda ya kamata ba. Na gode da shekara bakwai ɗin nan.

Ummi ta ce ta tura wa Rahila fim ɗin ki ji ƙarshensa, na hana. A gidanmu mai wanki ya warke, ya ɗauki ɗansa, an yi masa fitsari a riga. Haka na gaya wa 'ya'yana, haka za su gaya wa nasu.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sauƙaƙa miki ciwon ƙafa, ya sanyaya miki zuciya. Allah ya saka miki da alherin da ya fi wanda kika yi mana, ya raya zuriyarki cikin aminci. Allah ya ji ƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, yadda maƙwabci ba zai sake ɗaure kaya don tsoro ba. In Allah ya yarda bayan an gama girbi zan zo da Ummi, da ƙullin daddawa da kuka.

Rahila, ki gaya mata tun da na fara rubutun nan hannuna bai je kusa da kunnena ba.

'Yarki,
Sa'adatu
Kabo